Wata Nawa Ƙoƙi-ƙoƙin Fure Ke Yi a Hannun Mai Kiwo?

A wurin Bahaushe ƙoƙi-ƙoƙi ba abin kiwo ba ne. Mun san shi a tatsuniya, inda Ƙoƙi take matar Gizo, mun kuma san shi a jikin zogale ko a bangon da fitila ke haskawa da daddare cikin damina, ya ɗaga hannuwansa biyu kamar ɗan dambe, yara sun zagaye shi suna tsokanarsa da tsinke. Kiwon sha'awa a Kaduna bai wuce tattabara da zomo da aku ba, sai masu hali da ke ajiye ɗawisu ko kifin ado a cikin gilashi. Amma wayar hannu ta shigo mana da abubuwan da ba a gonarmu suka tsiro ba, kuma daga cikinsu akwai wani ƙoƙi-ƙoƙi fari mai ratsin ruwan hoda, wanda in ya lafe a kan reshe sai mutum ya rantse fure ne. Ɗan ƙanwata ne ya fara nuna mini bidiyonsa wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, yana cewa, "Kawu, don Allah dubi ikon Allah, wai wannan ƙwaro ne, kuma a Turai har sayensa ake yi ana ajiyewa a ɗaki." Bai rufe baki ba ya jefo tambayar da duk mai niyyar sa kuɗinsa a dabba yake fara yi, wato shekara nawa yake yi kafin ya mutu.

Ba a lissafa rayuwar wannan ƙwaro da shekaru, da watanni ake lissafa ta. Abin da masu kiwonsa suka fi ambata shi ne mace takan yi kimanin wata 8 daga ranar da ta fito daga ƙwai zuwa ranar mutuwarta, wadda ta samu kulawa sosai takan kai wata 10, jefi-jefi kuma a samu mai cika shekara, namiji kuwa da wuya ya wuce wata 5 zuwa 6. Sai dai in aka miƙa wa mutum waɗannan alƙaluma haka kawai ba tare da bayani ba, an fi ruɗa shi fiye da yadda aka taimake shi, domin wata takwas ɗin nan ba alƙawari ba ne da ke biyo ƙwaron daga hannun mai sayarwa. Adadi ne da ke miƙewa ko ya tsuke gwargwadon jinsin ƙwaron, da zafin ɗakin da yake ciki, da abin da yake ci, da kuma ranar da aka fara ƙirgawa. Ga mutumin Kaduna kuwa akwai ƙarin wani abu da masu rubuta ka'idojin kiwon a ƙasashen waje ba su san da shi ba, shi ne hunturu.

Sunansa a wurin masana Hymenopus coronatus, kuma masanin ƙwari ɗan Faransa Guillaume-Antoine Olivier ne ya fara siffanta shi a rubuce a 1792. Yana ɗaya daga cikin nau'o'in ƙoƙi-ƙoƙi fiye da 2,400 da aka sani a duniya. Gidansa dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ne masu ruwan sama da yawa, irin na Malesiya da Indonesiya da Tailan, har zuwa kudancin Sin, inda iska ke da ɗumi da laima kusan duk shekara. Ƙafafunsa huɗu na baya suna da faffaɗan ɓawo mai siffar ganyen fure, shi ya sa ake danganta shi da wani furen ado da ake kira okid. Kamar ta kai har a 1879 wani marubucin tafiye-tafiye, James Hingston, ya ba da labarin wai an nuna masa wani fure a tsibirin Jaba mai kama ƙudaje yana ci, alhali ƙwaron nan ya gani. An daɗe ana zaton ɓuya yake yi a cikin furanni, sai binciken James O'Hanlon na Jami'ar Macquarie ta Ostireliya, wanda aka yi a Malesiya aka buga a 2014, ya nuna cewa ko shi kaɗai ya zauna ba fure a kusa, ƙudan zuma da makamantansa sukan nufo shi, har ma fiye da yadda suke nufar wasu furannin gaske. Wato ba ɓuya yake yi a fure ba, shi kansa ne furen ƙaryar.

Wannan dabarar farauta ita ce tushen bambancin da ke tsakanin macen da namijin, kuma daga bambancin ne maganar tsawon rai ta samo asali. Mace baliga takan kai santimita 6 zuwa 7, namiji kuwa bai cika wuce santimita 3 ba, har wanda bai sani ba in ya gan su tare sai ya ɗauka uwa ce da ɗanta. A 2016 Gavin Svenson na gidan adana tarihin halittu da ke Cleveland a Amurka, tare da abokan aikinsa, sun bi salsalar wannan dangi na ƙwari, suka kawo hujjar cewa matan sun ƙara girma ne saboda girman ke ba su damar kama manyan ƙwari masu ziyartar fure, mazan kuwa suka tsaya a ƙanana masu saurin tashi, tunda aikinsu ɗaya ne, su balaga da wuri su bi daji neman mace. Halittar da aka gina kan gaggawa ba ta daɗewa. Komai kyawun kiwon da aka yi wa namiji ba zai kamo mace ba, don haka duk wanda yake son ƙwaron da zai ɗan jima a hannunsa, mace zai nema. Ana iya bambanta su tun suna ƙanana: a bayan wuyan mace akwai zirin launi kore, na namiji ruwan ƙasa ne, sannan in an duba ƙarƙashin ciki mace gaɓa shida ake gani, namiji takwas.

Ƙwaro ba shi da ƙashi a ciki, ɓawonsa na waje shi ne ƙashinsa, kuma ɓawon ba ya girma. Saboda haka ba shi da hanyar ƙaruwa sai ta saɓa, kamar dai yadda maciji ke yi, ya tuɓe tsohuwar riga ya fito da sabuwa mai ɗan yalwa. Ranar da ɗan ƙoƙi-ƙoƙin fure ya ƙyanƙyashe ba ya kama da fure ko kaɗan, ja ne da baƙi, yana kwaikwayon wasu ƙwari masu cizo da maharba ke gudu, sai bayan saɓar farko farin da ruwan hodar suke bayyana. Namiji yakan yi saɓa sau 5 ko 6 ya balaga, mace sau 7 ko 8. A farko tazarar da ke tsakanin saɓa da saɓa kamar mako biyu ce, tana kuma ƙara tsawo yayin da jiki ke girma, har ta ƙarshe a wurin mace ta kai wata guda ko fiye. A ɗaki mai ɗumi da wadatar abinci namiji yakan samu fukafukansa cikin wata uku ko ƙasa da haka, mace kuwa sai ta yi wata huɗu zuwa biyar, wani lokaci ma fiye. Daga ranar da fukafukai suka fito an rufe babin saɓa ke nan har abada. Ƙaramin da ya rasa ƙafa yana iya mayar da ita a hankali cikin saɓa ɗaya ko biyu, amma baligi duk abin da ya karye a jikinsa da shi zai mutu.

Na taɓa ganin saɓar ƙoƙi-ƙoƙi da idona, ba na fure ba, irin koren nan namu na gida, a ragar tagar ɗakina wata asuba cikin Agusta, kuma tun daga ranar na gane abin da ya sa masu kiwo suke cewa saɓa ce ke kashe musu ƙwari fiye da tsufa. Ya rataye ne kansa a ƙasa, ya kafa ƙafafun baya a raga, bai motsi, har na ɗauka matacce ne. Can sai bayansa ya tsage daga ƙeya, wani jiki mai laushi kamar jiƙaƙƙiyar takarda ya fara turowa, kai ya fito, hannuwa suka biyo baya a naɗe, sannan ya dinga zare dogayen ƙafafun ɗaya bayan ɗaya kamar mai cire matsattsiyar safa. Nauyin jikinsa ne ke jan sa ƙasa yana taimaka masa. Daga ƙarshe ya zama ba abin da ke riƙe da shi sai ɗan ƙarshen cikinsa da ke maƙale a tsohuwar rigar, ya daɗe yana lilo a haka kafin ƙafafun su yi ƙwarin da zai iya kama raga. Fitar ba ta kai rabin sa'a ba, amma bushewar jikin ta ɗauki sa'o'i. A cikin wannan ɗan lokaci da a ce iska ta buga tagar ya faɗo, ko tsohuwar rigar ta bushe ta manne masa a ƙafa, ko ya rasa sararin da zai miƙe ƙasa, da ya fito a karkace, kuma ƙoƙi-ƙoƙin da hannuwansa suka lanƙwashe ba ya iya kama abinci. Mace tana da irin wannan mashigi bakwai ko takwas a rayuwarta. Wata takwas ɗin da ake faɗa na wadda ta tsallake su duka ne. Shi ya sa ƙa'idar masu kiwo ta ce tsayin mazubin da ake ajiye shi a ciki ya ninka tsawon ƙwaron sau uku, faɗinsa sau biyu, rufinsa kuma ya zama raga ko yadi mai kaushi da ƙafa za ta iya kamawa, sannan in aka ga ya ƙi abinci kwana ɗaya ko biyu ya rataye shiru, a fitar da duk wani ƙuda da ke ciki a ƙyale shi.

Sai maganar ranar da ake fara ƙirgawa, wadda ita ce ta fi jawo ɓacin rai tsakanin mai saye da mai sayarwa. Ba a cika sayar da sabon ƙyanƙyasa ba saboda raunin jikinsa. Masu sayarwa suna rubuta matakin girman da harafin L da lamba: L1 shi ne wanda ya fito daga ƙwai, L2 ya yi saɓa ɗaya, L3 ya yi biyu, haka har zuwa balaga. Wanda ya sayi mace a L3 ya same ta tana da kamar wata guda a duniya, saura masa wajen wata bakwai in komai ya tafi daidai. Wanda kuwa ido ya ja shi ya sayi baliga mai cikakkun fukafukai, wadda ita ce ta fi tsada, ya sayi ragowar rayuwa ce, watakila wata uku ko huɗu, watakila ma ƙasa da haka in ta daɗe da balaga a hannun mai ita. Baligin namiji ya fi muni, domin abin da ya rage masa makonni ne, in ya yi nisa wata biyu zuwa uku. Mu da muka saba duba haƙoran rago a kasuwar Zango kafin mu biya kuɗi ya kamata mu fahimci wannan, sai dai ƙwaro ba shi da haƙoran da za a duba, ranar saɓarsa ta ƙarshe ake tambaya. A ganina ma wanda ya sayi baliga ya yi asara biyu, tunda mafi kyawun kamarta da fure tana gare ta ne kafin fukafukai su rufe mata baya.

Zafi shi ne agogon rayuwarsa. Jikin ƙwaro ba ya riƙe ɗuminsa kamar namu, zafin wurin da yake shi ne zafin jikinsa, kuma narkar da abinci da girma da tsufa duk suna gudu ne gwargwadon wannan zafi. Abin da ya fi dacewa da ƙoƙi-ƙoƙin fure shi ne digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas da rana, da dare kuma ya ɗan sauka amma kada ya yi ƙasa da 18. Wanda aka ajiye a digiri 30 zai ci da yawa, ya yi saɓa akai-akai, ya balaga da wuri, ya kuma mutu da wuri. Ɗan'uwansa da suka fito daga jakar ƙwai ɗaya, in aka ajiye shi a 24, zai yi komai a hankali ya kuma fi shi kwana a duniya. To amma wannan ba ƙofa ba ce da za a buɗe yadda aka ga dama, domin in sanyin ya yi yawa abinci ba ya narkewa, ƙwaron ya yi sanyin jiki, saɓa ta zo masa ba ƙarfi. Ni dai ban ga hikimar a takura halitta da sanyi da yunwa don kawai a ƙara mata mako uku a kalanda ba, musamman ga wanda kiwon kallo yake yi.

Masu neman iri ne kaɗai suke da hujjar yin wasa da wannan agogo, kuma su ma dole ce ta sa su. Tunda namiji yana riga mace balaga da wata ɗaya ko biyu, ga shi kuma ba ya daɗewa bayan balagar, in aka bar 'yan ƙyanƙyasa ɗaya a yanayi ɗaya, kafin amaren su shirya angwayen sun tsufa ko sun mutu. Abin da suke yi shi ne su ware mazan tun suna ƙanana su sa su a wuri mai ɗan sanyi su rage musu abinci, matan kuwa a ɗumama su a cika musu ciki, don a haɗu a tsakiya. A Turai wannan ba wuya, ɗaki ma da kansa sanyi gare shi, fitila kawai za a kunna wa matan. A Kaduna lamarin a juye yake, ɗumi kyauta ne, sanyin ne abin nema. Nan ne nake ganin fasahar tukunya cikin tukunya, wadda malamin nan na Jigawa Mohammed Bah Abba ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000, za ta yi amfani: jiƙaƙƙen yashi tsakanin tukwanen ƙasa biyu yana saukar da zafi ba tare da wutar lantarki ba, kuma ya fi aiki a busasshiyar iska irin tamu ta bazara. Ko gindin randa ma, inda kowace uwar gida ta san ya fi ko'ina sanyi a tsakar gida, ya fi kan tebur.

Abinci ma yana taɓa agogon, ko da yake ba kamar zafi ba. Wannan ƙwaro maharbin masu tashi ne, ba ya bin abinci, jira yake yi abinci ya zo masa. Ƙananan suna rayuwa ne kan mitsi-mitsin ƙudajen nan da ke taruwa a kan ayaba ko mangwaron da ya nuna ya wuce misali, in sun tasa a koma ƙudan gida da koren ƙuda, manya kuma har faɗa-wuta da malam-buɗe-littafi suna ci. Masu kiwo da yawa suna guje wa gyare, ko ba komai gyare mai yunwa yana iya cizon ƙoƙi-ƙoƙin da ke tsakiyar saɓa. Ƙuda dai ba ya wuya a garin nan, amma wanda aka kamo daga bola ko bakin kwata ba a san abin da ya taka ko ya sha ba, shi ya sa gara mutum ya yi kiwon ƙudajen 'ya'yan itacen da kansa a kwalba tun kafin ƙwaron ya iso, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Ana duba cikin ƙwaron ne a san bukatarsa: in ya shafe a ba shi, in ya yi tim a dakata. Babbar mace ciyarwa bayan kwana biyu ko uku ta ishe ta, kuma wadda aka cika wa ciki fiye da kima in ta faɗo daga rufi tana iya fashewa. Ba a haɗa biyu a mazubi ɗaya, domin a wurinsu ɗan'uwa ma nama ne.

Yanzu sai hunturu, wanda a ganina shi ne zai yanke hukuncin ko ƙwaron nan zai ga wata takwas a Kaduna ko ba zai gani ba. Yana bukatar danshin iska kashi 60 zuwa 80 cikin 100. Daminarmu tana ba da wannan a kyauta, daga Yuni zuwa Satumba ma har ya yi yawa. Amma daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar arewa maso gabas ke sauko mana da ƙurar hamada, danshin yakan faɗi ƙasa da kashi 20 da rana, da asuba kuma sanyi yakan sauka wajen digiri 15 ko ƙasa. Wato abubuwa biyun da ƙwaron ya fi tsana sun haɗu a lokaci ɗaya. Iskar da ke tsaga mana leɓe da dunduniya, mu da muke da man kaɗanya, ita ce za ta busar da tsohuwar rigarsa tun bai gama fita ba. Lissafin kuma a fili yake: rayuwar wata takwas ba ta shiga cikin daminar Kaduna gaba ɗaya, ko ta ina aka fara sai ta taɓa hunturu ko bazara. Dabarar da ta rage ita ce a sa saɓe-saɓen su faɗa cikin damina. Ƙaramar da aka karɓa a Mayu za ta gama saɓarta ta ƙarshe wajen Agusta ko Satumba, ta shiga hunturu tana baliga, lokacin da rashin danshi ba zai ƙara kama ta a tsakiyar tuɓe riga ba. Wadda aka karɓa a Oktoba kuwa kusan duk mashigan haɗarinta a cikin hazo za ta bi su. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wanda ya ce zai magance bushewar da toshe mazubin ya yi ta fesa ruwa, ya faɗa gaba kura baya sayaki, domin laimar da iska ba ta ratsa ta fumfuna take haifarwa, kuma ruɓaɓɓiyar iska tana kashe wannan ƙwaro kamar yadda busasshiya ke kashe shi. Abin da ake so shi ne danshi tare da shigar iska: raga a sama da gefe, jiƙaƙƙiyar takarda ko ɓawon kwakwa a ƙasa, ɗan feshin ruwa mai tsabta a bango da yamma yadda zai sha ɗigon ya kuma bushe kafin a sake wani. A hunturu za a ƙara yawan feshin a rage faɗin ragar, a damina a yi akasin haka. Ma'aunin zafi da danshi ɗan ƙarami ya fi kintace. Bazara ita ma da nata, tunda a Maris da Afrilu zafin rana yakan haura digiri 35, ɗakin kwano mara silin kuwa ya fi haka, sannan mazubin gilashi ko roba da rana ta doka kai tsaye tanda ne. Na'urar sanyaya ɗaki tana busar da iska, ga shi kuma wuta ba ta da tabbas.

Akwai kuma wasu makasa na cikin gida da ba sa jiran yanayi. Na farkonsu maganin sauro, na feshi da na kunnawa da fiya-fiya, wanda a daminar da ta fi dacewa da ƙwaron ne muka fi amfani da shi. Maganin bai san sauro daban ƙoƙi-ƙoƙi daban ba, feshin dare ɗaya a ɗakin ya isa ya kawo ƙarshen kiwon wata biyar. Kiyashi suna iya shiga ta ramin raga su yanyame wanda ke saɓa, shi ya sa ake ɗora mazubin a kan faranti mai ruwa. Tsaka ma da ke bin bango ba za ta ƙi shi ba.

In mace ta tsallake duk wannan ta balaga, makonni kaɗan bayan haka takan fara ajiye jakar ƙwai, wata doguwar kumfa fara da take mannawa a reshe ta daskare ta koma ruwan ƙasa. Ko ba a haɗa ta da namiji ba za ta ajiye, sai dai ba zai ƙyanƙyashe ba. Wadda aka yi wa barbara jakarta takan fashe bayan mako biyar zuwa shida da 'ya'ya gommai. Wajen barbarar namijin yakan haye bayanta ya zauna, wani lokaci har kwanaki, yana ɗan buga mata fukafukai da hannuwansa kamar mai kaɗa kalangu, kuma in ta kasance da yunwa rayuwarsa tana iya ƙarewa a nan, shi ya sa ake ƙosar da ita tukuna. Tsufa kuwa a ƙafa yake fara bayyana. 'Yan ƙugiyoyin da take kama raga da su sukan lalace, ta fara zamewa tana faɗowa, farin jikin ya dusashe ya yi dabbare-dabbaren ruwan ƙasa, ta kai wa ƙuda hannu ta kuskure, daga baya ta daina kaiwa. A wannan mataki abin da mai kiwo zai iya bai wuce ya sassauto mata da rassan ƙasa-ƙasa, ya miƙa mata abinci da ɗigon ruwa har baki ba. Ba cuta ba ce da za a nemi magani. Jikin da ba ya sake saɓa ba ya gyaruwa.

Gajartar ran ba laifin keji ba ne. A daji mafi yawan 'ya'yan da suka fito daga jaka ɗaya tsuntsaye da ƙadangaru da gizo-gizo ne ke cinye su tun ba su kai ko'ina ba, don haka wanda ke hannun mai kiwo na gari ya fi samun damar ganin tsufa. Dangin ƙoƙi-ƙoƙi gaba ɗaya ba masu daɗewa ba ne. Na ƙasashen sanyi ma kaka ce ke kashe manyansu, ƙwai ne kaɗai ke tsallake hunturunsu. Ba su da gatan sarauniyar gara da ke kwance cikin suri shekara da shekaru 'ya'yanta na yi mata hidima. Saboda haka waɗanda suke cewa sun yi shekaru suna kiwon ƙoƙi-ƙoƙin fure ba ƙwaro ɗaya suke nufi ba, zuri'a suke nufi, uwa ta ajiye ƙwai ta mutu, 'ya'ya su taso a raba maza da mata, a sake zagayowa.

Duk wannan na shimfiɗa wa ɗan ƙanwar tawa, na ƙara masa da cewa shigo da ƙwaro mai rai daga wata ƙasa ba kamar odar takalmi ba ne, akwai hukumar killace kayan noma ta tarayya da sai da izininta, ga kwanakin da ƙwaron zai yi a kwali a hanya, waɗanda su ma daga cikin watanninsa za a cire su. Ya yi shiru yana lissafi da yatsu, sannan ya ce, "Wato Kawu, in na same ta a Mayu, da ƙyar ta ga sabuwar shekara." Na ce masa haka ne, in ma an yi sa'a. Shawarar da na ba shi ita ce ya fara da koren namu na gida, wanda ya san hunturu da bazara tun kaka da kakanni, ya ga ko zai iya raka shi daga ƙarami har fukafukai ba tare da saɓa ko ɗaya ta lalace ba. Farkon daminar nan ya kamo ɗaya a jikin zogalen bayan gidansu, ya sa shi a babbar robar alewa da ya yanke wa murfi ya ɗaura ragar sauro, ya kuma kafa wa 'yan ɗakinsu dokar hana feshi. A gefen robar ya manna takarda yana rubuta ranar kowace saɓa, zuwa makon jiya layi huɗu ne a kanta.